Jarkar da Aka Ce Kada in Buɗe

Shekarar da ruwa ya ɗauke gero bai fid da kai ba, abin da ya rage mini na shuka shi ne wake, 'yan kwanuka a tukunya. Maigidana ya rasu. Yara na kallon tukunyar, ni ina kallon yaran. Su na iya da su, tsawa ɗaya ta ishe su. Ƙwari ne ba sa jin tsawa, kuma na fara ganin huji a jikin waken.

Ana haka wasu malaman gona suka zo kasuwar Bagwai da mota suna rabon takarda. Wai sun daɗe suna bincike kan ajiyar wake, sun rubuta abin da suka gano, kowa ya karɓa kyauta. Kyautar nan ce ta tsaya mini a rai. A lokacin ko dusa ba mai ba ka don Allah, kuma takardar da muka sani ta haraji ce ko ta sammaci. Na dai karɓa na ƙulle a bakin zane.

Ni ban yi boko ba, sai an karanta mini. Na kai wa wani Alhaji mai sayar da maganin ƙwari a bakin kasuwa.

"Inna, kin zo inda ya dace," in ji shi.

Ya fara: a shanya wake a rana ya bushe ƙarau. Yana yi yana tuntuɓe, idonsa na bin layi. Can sai harshensa ya sake, wai a barbaɗa hoda irin wadda ke gabansa. Na lura idon ya bar takardar, ya koma kan ƙullin zanena.

Na ce, "Alhaji, ɗora yatsa inda aka ce hoda."

Ya ɗora.

Na ce, "Wannan ai hoton jarka ne."

"Haba Inna, ke da ko baƙi ɗaya ba ki sani ba!"

"Baƙi ban sani ba, jarka na sani. Miƙo mini abata."

Na kai wa malamin firamaren garinmu, ban gaya masa na je wani wuri ba. Ya karanta, na ce ya sake. Bayan kwana biyu na koma na ce na manta, don in ji ko maganar za ta canza. Ba ta canza ba, kuma babu hoda. A shanya, a cika jarka har wuya, a toshe kada iska ta shiga, kada a buɗe sai za a shuka.

Na ce, "Malam, har leƙawa?"

"Har leƙawa, Inna. Kina buɗewa ƙwarin sun sami numfashi."

To, nan zuciyata ta ƙi. Abin da ba na gani yaya zan tsare shi? Na ce watakila malaman gonar nan so suke irin namu ya ruɓe mu dawo muna sayen nasu. Na so in raba biyu, rabi a toka yadda uwata ke yi, amma jarkar ba za ta cika ba sai duka waken ya shiga. Na zuba duka. Na toshe da leda, na naɗe da roba, na tura ƙarƙashin gado.

Ranin nan ban huta ba. In jawo ta in girgiza, in kara kunne, in ɗaga in ji ko ta rage nauyi. Sau da yawa hannuna ya kai kan murfin. Maƙwabciyata har tsokanata take, "Yaya, ya jikin jarka?" Ban taɓa yi mata dariya ba.

Da ruwan shuka ya sauka na kori yara waje, na rufe ƙofa, don in asara ce kada kowa ya ga fuskata. Na kwance robar. Na zazzage a faifai, 'yan ƙwari matattu suka biyo. Na ɗauki ƙwaya na ciza, ta ce ƙas. Duk da haka ban yarda ba, wake na iya kyau a ido cikinsa a mace. Na shuka, ina zuwa gonar safe da yamma ina tona bakin rami da tsinke, har ranar da na ga sun fasa ƙasa layi-layi. Sannan na koma gida na ce wa yara su hura wuta, akwai sauran rabin kwano da za a dafa.