Yaron Da Ba Ya Kallon Ido

Soundview

Muna idar da sallar asuba muka fito daga unguwarmu Soundview, ni da ɗana Habibu, shi da jakar kwalkwalinsa, ni da fargaba fal ciki. Ranar ce za a tace yaran da za a riƙe a ƙungiyar ƙwallon Amurka ta matasa, wadda masu neman 'yan wasa daga jami'o'i ke zuwa kallo. Kocinsu ya riga ya ce Habibu gajere ne, kuma ba shi da zuciya, don in ana masa magana sai ya sunkuyar da kai. To ai ni na koya masa! A Maraɗi wane ɗa ne zai zuba wa babba ido? Ranar ban buɗe teburin da nake sayar da huluna ba, na ce sai na je na ga abin da na jawo masa.

Kan ruwa

Jirgin ƙasa ya sauke mu a ƙarshen Manhattan, muka shiga jirgin ruwan Staten Island, kyauta. Ikon Allah! Duk daɗewata a garin nan ban taɓa ganinsa daga kan ruwa ba. Benaye ne reras rana na dukansu, na saki baki kamar baƙon jiya.

Da muka ƙetare, a unguwar Tompkinsville muka tsaya wurin Hajiya Ladi, mutuniyar Kumasi mai sayar da shinkafa da wake.

"Alhaji, kai ka ci ka ƙoshi," in ji ta, "amma ɗana Habibu loma kaɗan, gudu zai yi."

Fili

Gurbin da Habibu ke nema kona ake ce masa: shi ne mai tsare ɗan gudun da ake jefa wa ƙwallo. Wallahi ban taɓa ganin irin wannan ba. Yara na gudu da baya, da baya fa, su juya tsaye cak su bi mutum kamar inuwarsa.

Aka fara gwada Habibu a gefen fili da wani zanƙalelen yaro. Aka cilla ƙwallo sama, dogon ya cafe bisa kan Habibu.

Sai koci ya mai da shi ciki, inda gajeru masu zille-zille suke. Akwai wani a cikinsu da ya kunyata kowa: ya kaɗa kai hagu, mai tsaronsa ya bi, shi ya fice dama. Ya yi wa Habibu haka, Habibu ko gezau. Ya sake, Habibu ya doke ƙwallon.

Koci ya busa usur. "Kai, ina kake kallo?"

"Ƙugunsa, Koci," in ji Habibu, kai a ƙasa.

Mutumin ya dafe ƙeya. Ya ce kullum fama yake da yara su daina kallon fuska, don kai na yaudara, ƙugu kuwa inda ya nufa nan mutum zai je. Ya ce gefe na dogaye ne, amma ciki na Habibu ne, ya riƙe shi.

Komawa

A jirgin ruwa Habibu ya matso, idonsa kan takalmana, ya ce da Turanci, "Na gode, Baba."

Hawaye suka cika mini ido. Na ce, "Ɗago kanka, Habibu. Yau dai bari in gan ka."

Mun iso gida kafin la'asar. Godiya ta tabbata ga Allah da Ya kai mu Ya dawo da mu, Hajiya Ladi kuma Allah Ya ƙara kasuwa.