Sobiyar Da Ta Sa Innata Ta Ƙi Shan Zamzam Ɗina

Assalamu alaikum Edita. Lokacin da abin nan ya faru ni bazawara ce 'yar Kano, ina zaune a unguwar Jarwal ta Makka ba igama, wato takardar izinin zama, tun zuwan da na yi Umra na ƙi komawa. Sana'ata haɗa abin sha: zoɓo, kunun aya, da sobiya, wato abin shan mutanen Makka da ake jiƙa sha'ir da busasshen burodi, a tace, a sa kirfa. Ba yabon kai ba, hannuna akwai daɗi. Kuɗi dai ban tara ba, suna na tara. Innata a gida ba ta da hirar da ta wuce 'yarta maƙwabciyar Ɗakin Allah ce, kuma da guminta take ci. Alfaharin tsohuwar nan shi ne dukiyata kaf.

Sai wani mai gidan abinci a unguwar Ka'akiyya, jikan Hausawa ne amma Hausar tasa sai a hankali, ya aiko yana neman wadda za ta riƙa kai masa abin sha duk azumi. Ya ce zai tara abokansa cin abincin dare, a ɗanɗana nawa da na wata, a zaɓa. Waccan ɗin kuwa maƙwabciyata ce, Yaya take ce mini, ni na koya mata tace zoɓo. Ita garin sobiya take damawa, irin na leda, ko sati ta yi ba ta motsi. Tawa kuwa mai rai ce, in ta kwana a zafin Makka ba sanyi sai ta yi tsami ta fara kumfa. Na san haka sarai. Amma marar takarda ba ta kinkimar jarkoki ta hau titi, shi ya sa da ta ce mijinta zai kai namu gaba ɗaya a motarsa tun ana gobe, a sa a firjin gidan abincin, har godiya na yi mata. Kaico, wauta ba ta wuce wannan ba.

Ranar aka zaunar da mu bakin kicin, maza suna cin shinkafa da naman rago, an jera musu ƙananan kofuna. Aka fara da zoɓo. Suka ce nata sukari ya yi yawa, nawa kuwa citta tana ratsa maƙogwaro. Kunun aya ma nawa suka sake nema. Wallahi kaina har ya fara kumbura. Da aka zo kan sobiya, ana buɗe jarkata sai ta yi fuss, kumfa ya biyo baya. Wani dattijo ya kurɓa ya tofar, ya yi istigifari, ya ce wannan ai giya ce. Maimakon a tambaye ni, sai abin ya zame musu wasa. Wani da ya ce ya zaga ƙasashen Turai ya ɗaga kofin saitin fitila yana jujjuyawa yana shinshinawa, yana tambayata wace shekara na binne ta. Dariya har da masu riƙe ciki.

Mai gidan ya kira ni gabansu da Larabci, ya ce in na tabbata halal ce to in sha. Na ɗauki jarkar na ji ta da ɗumi kamar ruwan wanka, ko ƙofar firji ba ta gani ba. Na waiga wajen maƙwabciyata, sai ta sunkuyar da kai ta ce ai ta daɗe tana yi mini faɗa a kan irin haɗin da nake yi. Wani ya ambaci 'yan sanda, aka miƙo mini kofi. Na sha. Suka sake cikawa, na sha, ana ta ɗaukata a waya ana jira in yi tangaɗi. Tsami ne kawai, ko kyanwa ba zai bugar ba. Amma ina juyawa a tsorace na taka bakin abayata na zube, suka sa tafi.

Ba su kira hukuma ba, da sun kira ma da ya fi mini sauƙi. Kafin azumi ya kama, hoton ya zaga wayoyin Hausawan Makka, har Kano. Masu saye suka ɗauke ƙafa, matan da muke zuwa Harami tare suka koma kirana Hajiya mai giya. Maƙwabciyata ce ta samu aikin. Na kira Inna ina rantsuwa ina kuka, ta ce ita dai ta gani da idonta, sai ta kashe wayar.

Bayan aikin Hajji na ba wani alhaji ɗan unguwarmu ruwan Zamzam ya kai mata, kamar yadda na saba duk shekara. Ya aiko mini da saƙon cewa ta ƙi taɓawa, wai ba ta san me aka taɓa zubawa a jarkar ba. A shekarar ta rasu.

'Yan uwana mata masu neman halal a ƙasar mutane, abin da na koya ke nan: marar takarda ba ta da bakin kare kanta, sunanta kaɗai gare ta. Kada ki damƙa abin da za a auna ki da shi a hannun wadda ake auna ku tare, ko da ke kika goya ta. Kuma in an ce ki sha don ki wanke kanki gaban masu dariya, kada ki sha, ba gaskiya suke nema ba. Ni yanzu shara nake yi a Arfa lokacin Hajji. Kullum ina shan Zamzam, kuma har yau ban kai kofin baki ba tare da na tuna Inna ta tafi tana ƙyanƙyamina ba.