Turken Ma'aikata a Ƙofar Zauren Kakana

Duk lokacin da na ji warin kwalta mai zafi, sai in yi wa kakana addu'a, sannan dariya ta kufce mini. Allah Ya yafe mana baki ɗaya.

A shekarun da arzikin mai ya buɗe, labari ya iso ƙauyenmu, can wajen Tafoki, cewa ma'aikatar ayyuka za ta ja hanya daga Faskari zuwa Ƙanƙara, amma ba a yanke ko ta garinmu za ta bi ko ta maƙwabtanmu ba. Kakana, manomin auduga da ya gaji da jakuna, ya ƙudurta cewa sai mota ta tsaya a ƙofar gidansa kafin ya koma ga Mahaliccinsa.

Da fari aka turo wani ma'aikaci ya zauna ƙarƙashin tsamiya yana ƙidaya masu wucewa, domin a san inda ake da buƙata. Kakana ya sa mu kora jakunansa gaba da baya har dabbobin suka ƙi tafiya. Damina ta wuce shiru. Da kaka sai ga masu awo, suka kakkafa turaku masu jan kai, ɗaya a bakin gonarmu, nesa kaɗan da gida. Suka ci ragon da aka yanka musu, suka tafi.

Mu manoma mun san turke da gamba a matsayin iyaka: nan nawa, can naka. Don haka kakana ya ɗauka turken nan gefen hanya ne. Kullum bayan la'asar sai ya tuge shi ya matso da shi kaɗan, ya daidaita na kusa da shi, har ya kawo shi dab da dokin ƙofar zaure.

Kakata ta ce, "Malam, wannan aikin naka da alwala kake yin shi?"

Ya ce, "Gyara nike masu. Su baƙi ne, ba su san gari ba."

Da ɗan kwangila ya iso da katafila, ya dubi turken, ya dubi zauren, ya durƙusa ya gaida kakana cikin ladabi.

"Baba, sai haƙuri. Turken nan tsakiyar hanya ne. A kwashe buzu da littattafai."

Kakana ya buɗe baki zai ce an yi kuskure, sai ya tuna wanda ya yi shi. Mutum ne da ba ya rantsuwa kan ƙarya. Ya yi salati, ya shiga ya ɗauko buzunsa da kansa.

Yau hanyar tana nan, da wata 'yar kwana da direbobi ke tsine wa ma'aikata a kanta. Ni kuwa idan motarmu ta iso wurin, nakan yi sallama a hankali, domin ban saba shiga zauren kakana ba tare da izini ba.