Mai Zuma a Gindin Tsamiya

A gidanmu na Kusfa, idan an sauke tuwo an yi sallar magariba, Iya ba ta barin wutar murhu ta mutu. Kakarmu ce ta wajen uba, 'yar siririya, baki jajir da goro. Takan tura dankali cikin toka, mu jikoki mu kewaye ta. Ni ta fi tsokana, tana ce mini angonta marowaci. In ta gyara zama za ta fara tatsuniya, sai ta ce, "Ga baƙuwa a bakin ƙofa." Mu ce, "A shigo da ita!"

Tatsuniyoyinta na ban dariya ne, ban da guda ɗaya. Ita wannan ba ta cika yin ta ba, kuma ranar da za ta yi ta, ba ta tsokanar kowa.

Wai wani saurayi ne mai tallar zuma, aka tsinci gawarsa a gindin tsamiya a bayan gari. Sarki ya tara duk wanda ke wurin ranar. Kurciya ta gani daga kan reshe, amma ta ce ƙwanta na cikin sheƙa, kuma mai kisan ya san bishiyar. Makiyayi ya rantse idonsa na kan shanunsa. Da aka zo kan ƙadangare, sai ya yi ta gyaɗa kai, bai ce uffan ba, shi ya sa har yau yake gyaɗa shi. Uwar mai zuma ta bi gida gida tana tambaya, har ƙafafunta suka tsage. Kowa ya ba ta ruwa ta sha, ya ce ta yi haƙuri.

Nan Iya take yin shiru, ta hau tonon dankali.

"Iya, to wa ya kashe shi?"

"Je ka tambayi ƙadangare, ango."

"Ai ba a ƙare tatsuniya haka!"

"Wannan haka take ƙarewa. Ku ci kafin ya huce."

Ina jami'a Iya ta rasu. A zaman makoki ne mahaifina ya gaya mini yana da wa, Salisu, wanda aka kashe a hanyar gona, bayan Ƙofar Kuyambana, tun kafin a haife ni. Da rana tsaka, ranar kasuwa, hanya cike da mutane. Ba a taɓa kama kowa ba. Shi ne ɗan Iya na fari, don haka ko yana raye ba ta faɗin sunansa saboda kunya. Da ya mutu, sai ta mai da shi mai zuma.

Yanzu ni lauyan gwamnati ne, ina gabatar da ƙarar masu kisan kai. Mafi nauyin aikin shi ne kisan da aka rasa mai shaida. Saboda haka muka fara shiga unguwanni, mu zauna a zauren mai unguwa ko a harabar masallaci, mu roƙi jama'a su yi magana.

Bara aka soke wani tela, Nura, a wani lungu a Kwarbai bayan la'asar, aka tafi da wayarsa. 'Yan sanda sun kama wani matashi, amma babu wanda ya yarda ya ce ya gani. Na je na yi wa mutanen unguwar bayani, zaure ya cika har waje. Kowa na cewa, "Gaskiya ne, Barista." Kai kawai ake gyaɗawa.

Da aka watse, wata mai suyar awara a bakin lungun, Talatu, ta tare ni kamar za ta sayar mini. Murya ƙasa ƙasa ta ce, "Yallaɓai, a gabana aka yi. Na san yaron da ya soke shi, na san uwarsa." Ta yarda za ta zo kotu. Na yi mata alkawarin za a kula da ita, na kuma sanar da 'yan sanda. Ana saura kwanaki a fara shari'ar, wasu suka kifar mata da kaskon mai, suka lissafa mata sunayen 'ya'yanta da makarantar da suke zuwa. Washegari ta kwashe su ta koma ƙauye. Ban ga laifinta ba. Babu shaida, alƙali ya sallami wanda ake tuhuma.

Da ƙafata na je na gaya wa mahaifiyar Nura, Hajiya Binta. Na same ta a tsakar gida, keken ɗinkinsa a lulluɓe da zane a gefe. Ta saurare ni har na gama.

"Wato shi ke nan, ɗan nan?"

"Ba a rufe maganar ba, Hajiya. In an samu mai shaida, za mu koma."

"Za a samu?"

Na mai da idona kan keken ɗinkin.

Da ina yaro na ɗauka Iya tana koya mana ne cewa shiru mugun abu ne. Yanzu da na ga irin tsoron da ke rufe bakin mutane, ina ganin ba darasi take ba mu ba. Tambaya ce take ci gaba da yi, ga waɗanda suka rage masu saurarenta.

Na miƙe zan tafi, Hajiya Binta ta ce, "Barista, ka riƙa leƙowa ko babu labari. Duk unguwar nan kai kaɗai ka rage kana kiran sunansa."