Ranar da Ruwan Gindin Dam Ya Yi Ja

A dangi kowa ya san ni da tsoron ruwa. Na girma a bakin dam ban iya iyo ba, ko kwale-kwale na gani sai in ja da baya. Ga shi kuma gidanmu, a wani ƙauye da ke gefen hanyar Kebbe, yana can gangare, daidai ƙasan jingar da ta tare ruwan. Mahaifiyata, wadda muke kira Inna, tana nan cikinsa har yau. Ni kuwa aiki ya zaunar da ni a Tambuwal.

Dam ɗin ba wani abin kallo ba ne, tulin jar ƙasa ce aka datse rafi da ita. Amma shi ne rayuwar garin: shanu su sha ta gabas, mata su ɗiba ta yamma, masu albasa su ja nasu da rani. A gefe an bar makwarara domin ruwa ya fita in ya cika. Mutanenmu ba su taɓa yarda da wannan makwarara ba. A ce ruwan da za a nema ido rufe a watan azabar zafi, a zuba ido yana tafiya daji? Saboda haka duk ƙarshen damina sai a jera mata buhunan yashi, dam ya cika har wuya, kowa ya yi hamdala.

Akwai kuma wani ɗan ruwa da ke tsattsafowa a gindin jingar, garau kamar an tace. Shi mutanen gangare ke sha. Ni ma na sha cika baki da shi a ofis, ina cewa garinmu akwai idon ruwa. Wata rana wani abokin aikina da ya taɓa aikin hanya ya ce da ni, yana cin gyaɗa, irin wannan ruwa in yana garau da sauƙi, amma ranar da ya yi ja, ƙasar jingar ce yake kwasowa daga ciki. Ya ci gaba da cin gyaɗarsa, ni kuwa maganar ta zauna mini a rai.

A daminar da nake ba da labari, na je gaida Inna wata Asabar bayan an kwana ana ruwa. Ta miƙo mini kwanon sha, na leƙa, sai na ga ruwan ja-ja kamar an wanke tukunyar ƙasa.

"Inna, daga ina anka ɗebo wanga?"

"Inda aka ɗiba kullum mana. Bari shi kwanta ka sha."

Ban tsaya sa takalmi ba. Na fita da gudu, babbar riga na jan laka, ina kururuwa dam zai fashe. Na faɗi a ƙofar masallaci, na tashi, na sake faɗuwa gaban masu sayar da rake. Kafin in isa gidan mai gari rabin gari na biye da ni, wasu don tsoro, yawanci don kallo.

Mai gari ya hau jingar da dattawa, suka duba. Ba ihuna ne ya motsa su ba, ramin da ruwan ke tsattsafowa ne, da suka ga ya fi na jiya faɗi. Nan take aka buga gayya. Maza suka janye buhunan yashi daga makwarara suna tsaki, ruwa ya kama hanyarsa da ruri. Aka yi ta jido yumɓu a kwanduna, mata suka fito da taɓare suna daka shi a jikin jingar kamar masu sussuka, makiyaya kuma suka koro shanu aka yi ta zagayawa da su a kan sabuwar ƙasar har ta danne. Ni aka ba ni kwando, na hau, na hango faɗin ruwan, na juyo da kwandon da sauri. Wata gwaggona ta karɓe kwandon ta ce in je in taya ta wani wajen.

Sai na koma kan abin da ya kawo ni. Na ce da Inna ta tashi mu tafi Tambuwal.

"Ba ni zuwa ko'ina. Wanga dam tun ubanka na raye anka yi shi. Mi kaka tsoro?"

Na roƙa, na yi fushi, na kawo maganar abokin aikina, ta ce a gaishe shi. Daga ƙarshe na zauna a ƙasa gabanta, ƙato da furfura, hawaye suka zubo mini. Gaskiya tsoro nake ji, tsoron in wayi gari a ce ruwa ya bi ta kan ɗakinta. Da ta ga haka sai ta ɗaure ƙullinta, ta ɗauki buta da carbi, ta hau bayan babur tana faɗa har muka fita gari.

Dam bai fashe ba. Ko katangar gidanmu ba ta jiƙe ba. Har yau in na shiga ƙauyen yara kan bi ni suna kwaikwayon gudun da na yi, masu albasa kuwa sun ɗora mini alhakin ruwan da ya ƙare musu da wuri a ranin nan. Dattawa sun daina toshe makwarara, amma ba wanda ya taɓa cewa saboda ni ne.

Inna ta zauna wurina har aka yi girbi. Kullum sai ta kushe ruwan famfonmu, ta kushe tuwon matata, ta ba baƙi labarin faɗuwata gaban masu rake. Ranar da na mayar da ita, na sauke ta a ƙofar gida na fara ba ta haƙurin wahalar da na sa ta a banza. Ta riƙe hannun rigata ta ce:

"In damina ta dawo, ka sake jin tsoron nan. Rabon da in zauna da kai in ƙoshi da ganinka, tun kana goye."