Libarba, Fistol da Hannuna

Da rana tsaka aka shiga wa maƙwabciyarmu, wata 'yar Maraɗi da ke hawa na biyu a benen da muke haya a Highbridge, wata unguwa ta Bronx a birnin New York. Ɓarawon ta matakalar gudun gobara ya hau, ya ɗaga taga, ya tarar tana sallar azahar. Bai taɓa ta ba, ya dai ɗauki waya da jaka ya fice ta ƙofa kamar gidan ubansa. Mu a hawa na uku muke, tagar ɗakinmu kuma a kan wannan matakalar take.

Maigidana direban tirela ne, in ya fita yakan kusa mako a hanya, ni da 'yarmu kaɗai a gida. A waya na ba shi labari. Ya ce in gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Bindiga za mu nema, kuma ni zan koye ta, tunda ni ce mai kwana a gidan.

Ban yi musu ba, domin tsoro kam na ji shi. Sai dai akwai abin da ya fi ɓarawo tayar mini da hankali. Ni makitsiya ce, tun ina yarinya a Zariya nake riƙe kibiya, a nan ma ina da kujerata a wani shagon kitso da muke tarayya da 'yan Senegal. A lokacin hannuna na dama ya fara ba ni matsala. Yatsu uku sukan mutu mini a tsakiyar aiki, in ji kamar kiyashi na bin su, wani lokaci kibiya ta suɓuce ban ma ji ba. Na ɓoye masa, domin ya daɗe yana cewa in bar kitso in huta, ni kuwa na san ranar da ya gane, kujerar nan ta tafi ke nan. Ba na son rabuwa da ita. A can nake hira, a can nake dariya, a can ne kaɗai a garin nan ake bin layi domin ni.

Shi kuwa ya samu abin yi. Ya kai maganar majalisarsu ta bayan sallar Juma'a, nan take maza suka rabu gida biyu, 'yan libarba da 'yan fistol, alhali a cikinsu babu wanda ya taɓa harbin ko gafiya. Duk dawowar da zai yi sai ya zo mini da sabon karatu. Libarba, in ji shi, ita ce mai ganga da ke juyawa, ba ta cijewa, ɗauka kawai za ki yi ki ja kunama, amma harsashinta kaɗan ne kuma kunamar da tauri. Fistol ta fi cin harsashi, kunamarta da laushi, amma sai an ja samanta baya da ƙarfi an ɗana ta, kuma takan cije a ranar da aka fi bukatarta. Yau yana wannan ɓangare, jibi yana wancan.

"To ke wacce kika gani?" ya tambaye ni wata rana muna cin abinci.

"Duk wadda ka zaɓa, Abban yarinya."

"Ba haka ake yi ba. Ai ke za ki riƙe ta."

Na ce zan yi tunani. Abin da na ji a duk karatun nasa guda biyu ne kawai, ɗaya sai da ƙarfin yatsa, ɗaya sai da ƙarfin damƙa. Na tura hannuna ƙarƙashin cinya na ci gaba da sauraro.

Na so dokar garin ta cece ni. A New York ko taɓa ƙaramar bindiga a kanti ba a yi sai da lasisi, lasisin kuwa sai mutum ya yi ta jira har ya manta ya nema. Amma mutumin da ke yawo a hanya ba ya rasa dabara. Ya gano wani filin koyon harbi a Pennsylvania inda ake ba da hayar bindiga a gwada, ya ce gara mu san wadda ta dace kafin mu shiga wahalar takardu. Wata Asabar muka bar yarinya wurin 'yar Maraɗin muka kama hanya, yana ta murna kamar mai kai amarya.

Wadda aka haɗa mu da ita don ta koya mana wata dattijuwar baƙar fata ce mai furfura, da kitsonta zane-zane da aka ja mata gaban goshi fiye da kima. Har a wurin sai da idona ya je kan tsagar. Ta sa mana abin toshe kunne da tabarau, ta ajiye bindigogi biyu a kan tebur, ta nuna mana babu harsashi a ko wacce, ta ce in fara da fistol.

Na riƙe ta da hagu, na kama samanta da dama na ja. Yatsuna suka zame. Na sake, suka sake zamewa. Matar ta nuna mini wata dabara, in damƙe sama in tura ƙasan gaba da ɗaya hannun. Ƙarfen ya motsa kaɗan ya koma, ya kusa cizon fatata.

"Ba komai," in ji maigida, "ai dama na faɗa, libarba ce ta mata."

A daren jiya ɗan fistol ne. Na ɗauki libarbar. Ta zauna a hannu daidai, har na ji sanyi a raina. Na miƙe hannuwa yadda aka ce, na sa yatsa a kunama na ja. Gangar ta fara juyawa ta tsaya a rabi. Na ciji leɓe na ƙara ƙarfi, bakin bindigar ya shiga rawa, sai kawai hannun ya mutu gaba ɗaya. Ban ji fitarta ba, ƙararta kawai na ji a kan tebur.

Matar ta ture bindigogin gefe, ta kama hannuna ta juya shi, ta dubi gindin babban yatsa inda naman ya fara zubewa. Ta ƙwanƙwasa mini wuyan hannu da yatsarta, wani abu kamar lantarki ya tsarga mini har farce, na fizge. Ta tambayi aikin da nake yi. Kafin in buɗe baki maigida ya amsa mata da alfahari cewa kitso, kuma babu kamata a duk Bronx. Ta ce akwai bindigogin da aka yi wa masu raunin hannu, za ta nuna mana in muna so, amma wannan hannun likita ya kamata ya fara gani. Na ji haushin matar nan sosai. Abin da na yi watanni ina rufewa, ta bankaɗe shi a tsaye ko kunya babu.

Ko harsashi ɗaya ba mu harba ba. A mota bai kunna rediyo ba. Muna cikin tafiya ya tambaye ni.

"Tun yaushe?"

"Tun kafin azumi."

"Duk tuwon da muka ci da azumi, da wannan hannun kika tuƙa?"

"Da shi."

"Ni kuma ina zaune ina yi miki lacca a kan kunamar bindiga."

Na zaci faɗa zai yi, na ma shirya amsata. Bai yi ba, kuma bai ce in bar kitso ba. Da ya ce, da na samu wanda zan yi rigima da shi. Cewa kawai ya yi ranar Litinin ba zai ɗauki lodi ba, asibiti za mu.

Likita ce ta faɗi abin da shi bai faɗa ba, cewa in bar kitso. Jijiya ce ta dannu a wuyan hannu, kuma na bar ta ta daɗe. Aka yi mini aiki, zafin ya tafi, amma damƙar ba ta dawo yadda take ba. Bindiga kuwa ba mu saya ba. Ya sa wa tagar ƙofar ƙarfe mai buɗewa daga ciki, ya ƙara wa ƙofa sakata, ni ma na fi samun barci da hakan. Na ji an ce har yau majalisa ba ta yanke hukunci tsakanin libarba da fistol ba.

Da babbar salla ta matso na kai 'yata shagon. Tun da aka haife ta babu hannun da ya taɓa kanta sai nawa. Wata yarinya sabuwar zuwa ce a kujerata, ta gaishe ni da ladabi ta zaunar da ita, ni kuma na koma bencin masu jira. Tsagar farko ta ɗan karkace wajen kunnen hagu. 'Yata ta dube ni ta madubi tana jiran in yi magana, na ce mata ta daina motsi ta bar anti ta yi aikinta.