Sunayen da Daudu Ya Bari a Waƙar Mani

Duk wanda ya san bakin tashar Batsari ya san shagon Daudu, ko bai taɓa shiga ba ya ji ƙararsa. Ɗan ɗaki ne da aka liƙe bangonsa da soso da kwalin ƙwai, kwamfuta ɗaya, makirufo ɗaya, sai fankar da ba ta juyawa sai an tura ta da yatsa. Nan ake yin waƙar biki, nan 'yan Islamiyya ke ɗaukar ƙasidar sauka, nan kuma samari ke kawo memori a zuba musu waƙoƙi.

Daudu ɗan Ruma ne, daga gidan makaɗan noma. Ubansu ya yi ganga, yayansa Mani ya gaje ta, shi kuwa Allah bai ba shi hannun ba. In ya buga, har awaki sai sun watse. Da dariyar 'yan gida ta ishe shi sai ya tattara ya tafi Katsina, ya maƙale wa wani mai situdiyo har ya koyi manhajar haɗa kiɗa. Turancinsa bai wuce na gaisuwa ba, da ido ya haddace ta: jan maɓalli ɗauka, almakashi yanka, koren layi murya, shuɗi ganga. Tsohuwa yake ce mata, kuma kullum cikin zaginta yake. Ga nauyi, ga daskarewa ana tsakiyar aiki, abokan sana'a duk sun koma sababbi.

"Wallahi ranar da na samu hali sakin ki zan yi," haka yake ce mata a gaban mutane.

To, ita ta riga shi. Wata safiya ya kunna ta, sai ga wani dogon Turanci ya tare fuskar kwamfutar. Ya kira maƙwabcinsa Kamalu mai gyaran waya. Kamalu ya karanta, ya ce kamfanin da ya yi ta ne zai rufe ta. Daga ƙarshen wata ba za ta ƙara buɗewa ba, kowa ya kwashe aikinsa tun da wuri.

"Ai ka huta," in ji Kamalu yana dariya.

Daudu bai yi dariya ba. Ya nemi kujera ya zauna.

Akwai aiki guda a cikin Tsohuwa da bai taɓa fitarwa ba. Daminar ƙarshe da Mani ya yi a duniya, ya zo Batsari ranar kasuwa da gangarsa, ya shiga ɗakin nan ya yi waƙar gayya, irin wadda ake yi wa manoma suna kan kuyya. Ita kuwa wannan waƙa sunaye ce zalla. Wane mai shanun huɗa, wane da rumbunsa ya cika har an yi sabo, wane da ya aurar da 'ya'ya bai taɓa garkensa ba. Mani ya ce kada a sake ta sai kaka, yana da sauran waɗanda zai ƙara. Kafin kaka ɓarayin daji suka tare shi a hanyar gona suka harbe shi.

Tun daga nan yabo ya zama abin tsoro a ƙasar. A ce kana da shanu a bainar jama'a, daidai yake da a nuna wa ɓarayi ƙofar gidanka. An yi wa wani mutum kirari a wajen biki ta can wajen Safana, aka ɗauka a waya, ya zaga, ba a jima ba aka zo aka tafi da shi. Daudu ya san sana'arsa sarai. Memorin kowa na shiga kwamfutarsa, kuma waƙa in ta fito ta zama wadda waya ke iya kunnawa, to ta yi ƙafa, babu mai tare ta. Amma a cikin Tsohuwa guntaye ce a warwatse, babu wayar da ta san yadda za ta buɗe su. Ashe duk shekarun nan da yake zaginta ita ke tsare masa muryar ɗan'uwansa, ita ke tsare mutanen Ruma.

Yanzu in ya bar ta, muryar Mani ta tafi ke nan har abada. In ya fitar, ya miƙa wa infoma, masu kai wa ɓarayi rahoto, sunayen masu dukiya a kan faranti.

Tsoro ya shige shi sosai. Duk wanda ya leƙo shagon sai Daudu ya ga kamar kallon kwamfutar yake. Wani baƙo ya tambaye shi ko yana da tsofaffin waƙoƙin noma, ya ce babu da ƙarfin da har mutumin ya ja da baya. Abinci ma ya daina shiga. Da ya ga wata na neman ƙarewa, sai ya aika aka kira Kulu, matar marigayin, wadda ta gudo Batsari da 'ya'yanta tana tuyar awara a ƙofar gidan ƙanwarta. Matan da suka gudo daga ƙauyuka babu labarin da ke wuce su.

Bayan azahar ta zo. Suka gaisa, ya rufe ƙofa, ya rage lasifika ƙasa-ƙasa ya kunna. Ganga ta tashi, sai ga Mani ya yi gyaran murya kamar yana tsaye a bayansu. Kulu ta ja mayafi ta rufe fuska.

"Yaya Kulu, ki yi haƙuri," in ji Daudu. "Duk wanda ke da rai zan cire sunansa. Wanda ya rasu zan bar shi, babu abin da za su ƙara yi masa. Ke kika san wa ke ina."

Ta share ido ta ce ya fara.

"Sule Dogo?"

"Ya rasu. A gona, shi da ɗansa."

Ya bari. "Almustapha na Yasore?"

"Yana Safana, dako yake yi a kasuwa."

Daudu ya ɗauko almakashin nan ya yanke sunan daga koren layi. Gangar ta ci gaba da tafiya a shuɗin layinta, ko gezau, sai dai inda sunan yake ya zama shiru. Ranar nan Tsohuwa ko sau ɗaya ba ta daskare ba. Yatsunsa sun san ta kamar hanyar gidansu.

Sai aka buga ƙofa. Ya kashe lasifika, su biyun suka yi tsit. Ashe mai neman cajin waya ne, ya gaji ya tafi.

"Ɗanjuma Maigarma?"

Kulu ta ce, "Sun tafi da shi tun bara, ba a ji komai ba." Ta kalli ƙasa. "Cire shi. Matarsa ba ta yi takaba ba."

Haka suka bi sunayen ɗaya bayan ɗaya. Daudu ya zaci waƙar za ta koma ganga zalla, duk ramuka. Ina! Da ya duba koren layin sai ya ga kusan a cike yake, yankan nan da can ne kawai. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ashe yawancin mutanen da yake ta jin tsoro a kansu sun riga sun tafi.

Saura ƙarshen waƙar, wanda ya manta da shi. Mani ya sassauta ganga, ana jin dariya a muryarsa: "Sai Daudu ƙanena, mai ɗakin kama murya a Batsari! Hannu ba ganga, amma ya fi mu tara abin duniya!"

Tun yana yaro Mani ke tsokanarsa, wannan ne kaɗai wurin da ya taɓa yabonsa. Daudu ya mayar ya sake ji. Ya sake mayarwa.

"Wannan dai ai ni ne, Yaya Kulu. Ni na yarda a bari."

"Ni ban yarda ba," in ji ta. "Marayun yayanka wa suke da shi in ba kai ba? Cire."

Ya ɗauko almakashi, idonsa ya cika har ba ya ganin layin da kyau, ya yanke. Sannan ya fitar da waƙar, ya kunna musu daga farko. Da aka zo ƙarshe ganga ta yi ta bugawa ita kaɗai, babu muryar kowa.

Kulu ta miƙe, ta gyara mayafinta.

"Allah ya sa ta daɗe babu sunanka a ciki," ta ce.